“Ina Gajiya?” “Ba Gajiya”: Ƙarfin Zuciya da Iyakarsa a Gudun Fanfalaki

Bahaushe ba ya amsa cewa ya gaji. Ko da manomi ya wuni a duƙe tun hantsi har la’asar sakaliya, idan ka ce masa “ina gajiya?” abin da zai ce maka shi ne “ba gajiya.” In ya matsa ƙwarai ya ce ta bi lafiya. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin ladabin gaisuwa kawai, sai da aikin harhaɗa magunguna ya zaunar da ni a bayan tagar asibiti na ga cewa a cikin amsar nan akwai hikima, akwai kuma haɗari. Hikimar ita ce abin da mutum yake faɗa wa kansa game da gajiya yana sauya yadda yake jin ta. Haɗarin kuwa shi ne wanda ya saba ƙaryata jikinsa yakan wayi gari bai san lokacin da jikin yake gaya masa gaskiya ba.

Abin da ya tayar da wannan rubutu wani ƙanena ne na unguwa a nan Yalwawa, ɗalibi mai shekara ashirin da ’yan kai. Ya ƙudurta a ransa sai ya je Legas ya shiga gasar gudun fanfalaki da aka fara shiryawa a birnin tun shekarar 2016, wadda aka saba yi cikin watan Fabrairu. Wata rana bayan sallar Isha’i ya tare ni a ƙofar gida, ya rage murya ya ce, “Yaya, don Allah wani taimako za ka yi mini. Duk ranar da na fita dogon gudu, da na kai wajen kilomita 18 sai ƙafafuna su mutu. Abokaina sun ce akwai ƙwayar da ake sha mutum ya daina jin gajiya. Kai ne ka san mai kyau.”

Ban ba shi ƙwaya ba. Na ce ya zauna mu yi hira. Ra’ayin da na bayyana masa a daren nan shi ne nake son in shimfiɗa a gaban iyaye da marasa lafiyar da ke bibiyar wannan shafi: gajiya saƙo ce da ƙwaƙwalwa ke haɗawa, ana iya koya wa zuciya yadda za ta karanta saƙon, amma wanda ya toshe bakin ɗan saƙon da ƙwaya ya sayi wahalar da ta fi ƙarfinsa.

Daga ina gajiya take tasowa?

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Wanda ya san hanyar gudu ta filin wasa mai mita 400, to ya ƙiyasta zagaya ta sau 105 da ɗoriya. A ranar 12 ga Oktoba, 2019, Eliud Kipchoge ɗan ƙasar Kenya ya cinye wannan tazara a birnin Biyana na Ostiriya cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, wato yana shafe kowace mita 100 cikin kimanin daƙiƙa 17, sau ɗari huɗu da ’yan kai a jere. Ba a lissafa gudun a matsayin tarihin gasa ba saboda an tsara masa komai, har da masu share masa iska a gaba, amma ya isa ya sa mutum ya tambayi kansa inda iyakar ɗan Adam take.

Shekaru da dama masana suna koyar da cewa iyakar tana cikin tsoka da huhu da bugun zuciya: iskar da jini ke kaiwa ta gaza, abincin tsoka ya ƙare, sai mutum ya tsaya kamar motar da manta ya ƙare. Akwai gaskiya a nan. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsokoki a siffar da ake kira gilaikojin, kuma ajiyar ba ta da yawa. Shi ya sa masu gudun da yawa suke jin kamar sun yi karo da bango tsakanin kilomita 30 zuwa 35.

Sai dai wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Farfesa Tim Noakes na Jami’ar Cape Town, ya yi tambayar da ta girgiza wannan fahimta. Idan da gaske tsoka ce ta ƙare, me ya sa mai gudun da ke jan ƙafa a kilomita 38 yake ƙara sauri da zarar ya hango layin ƙarshe? Daga ina ƙarfin ya fito? Amsarsa ita ce ƙwaƙwalwa tana riƙe da linzami. Tana auna zafin jiki, da ruwan da ya rage, da sukarin jini, da nisan da ya saura, sannan ta rage yawan tsokar da take sa wa aiki tun kafin a kai ga ɓarna. Har yau masana suna muhawara a kan yadda wannan linzami yake aiki, amma kusan babu mai musun cewa ƙwaƙwalwa tana da hannu dumu-dumu a cikin lamarin.

A shekarar 2009 Samuele Marcora da abokan aikinsa a Jami’ar Bangor da ke Birtaniya suka gwada abin a zahiri. Sun ɗauki mutum 16, suka sa su tuƙa keken motsa jiki da ƙarfi har sai sun kasa, sau biyu. A karo ɗaya sun fara da minti 90 na wani aikin kwamfuta mai cin rai da buƙatar natsuwa, a ɗaya karon kuma sun fara da kallon fim mai sauƙi na tsawon wannan lokaci. Bayan kallon fim sun jure kimanin daƙiƙa 754. Bayan aikin ƙwaƙwalwa kuwa daƙiƙa 640 kawai suka iya. Bugun zuciyarsu da sauran ma’aunan jiki ba su bambanta ba. Abin da ya bambanta shi ne yadda suka ji nauyin aikin. Ƙwaƙwalwar da ta gaji ta ga tudu a inda babu tudu.

Bayan shekara biyar, a 2014, wannan rukuni ya buga wani gwajin a kan mutum 24. An koya wa rabinsu gajerun kalmomin ƙarfafa kai da za su riƙa maimaitawa a zuci yayin da aiki ya yi tsanani, suka yi mako biyu suna sabawa da su. Da aka sake gwada su, juriyarsu ta ƙaru da kimanin kashi 18 cikin ɗari, alhali sauran ba su ƙaru ba.

Da na karanta wannan a karon farko, gonar gayya ce ta faɗo mini a rai. Kakanninmu ba su san sunan Marcora ba, amma sun san dalilin gayyato mai gangar noma. Saurayin da zai yi kunya goma shi kaɗai ya zauna, idan ganga ta kira sunansa aka yi masa kirari a gaban tsara sai ya yi ashirin. Garmar ba ta rage nauyi ba, ƙasar ba ta yi laushi ba. Haka ɗan dambe da ɗan kokawa suke tashi da tsuma in makaɗi ya taɓo su. Mun gaji wannan ilimi, sai dai ba mu rubuta shi ba.

Abin da na samu da na bincika

Na tambayi ƙanen nan nawa yadda yake kwana da yadda yake wuni. Ashe da rana yana aji, da yamma yana tsare shagon cajin waya da cire kuɗi na wani ɗan’uwansa, inda kuskuren sifili ɗaya ke iya cinye ribar mako. Da dare kuma waya ce a hannunsa har ƙarfe ɗaya. Dogon gudun yakan fita ne da yamma, bayan ya gama wannan lissafi duka, shi kaɗai, yana duba agogo kowane minti yana ce wa kansa, “yau ma a 18 zan mutu.” Kafin ya ɗaura takalmi ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Duk da haka ban ce masa matsalar a ransa take ba sai da na tura shi ya ga likita. Aka auna yawan jininsa, aka duba zazzaɓin cizon sauro, aka auna hawan jini, aka tabbatar da rukunin jininsa game da sikila. Komai ya fito lafiya. Daga nan muka sauya tsari. Dogon gudu ya koma bayan sallar Asuba ranar da ba shi da aji. Waya ta riƙa kwana a ɗakin mahaifiyarsa. Ya samu abokin gudu. Ya daina ƙirga abin da ya saura, ya koma raba hanya gunduwa-gunduwa: daga nan zuwa waccan bishiyar dabino, daga can zuwa gindin dutsen. Ya rage saurin farko har ya zama yana iya magana yana gudu. Ya zuba ’yan ƙwayoyin dabino a aljihu, abin da ba ya wuya a Dutse, yana ci ɗaya-ɗaya bayan awa ta farko. Ya kuma zaɓi kalmarsa, “sannu ba ta hana zuwa,” wani lokaci kuma tasbihi yake ja daidai da takunsa.

Cikin mako shida ya wuce kilomita 25. Ba na cewa tunani kaɗai ya yi wannan aiki, domin barci da sanyin safiya da dabino duk sun sa hannu. Amma dukansu ta ƙofa ɗaya suka shiga: sun sa ƙwaƙwalwa ta ga cewa akwai sauran guzuri, sai ta sassauta linzami.

Inda zuciya ba ta da iko

A nan ne nake rabuwa da masu cewa komai a rai yake, kuma a nan ne nake roƙon iyaye su saurara da kyau. Akwai gajiyar da kirari ba ya warkarwa.

A watan Satumba na 2019 an yi gudun fanfalaki na mata na gasar duniya a Doha ta ƙasar Ƙatar. Saboda zafi sai da tsakar dare aka fara. Mata 68 suka tashi, 28 daga cikinsu ba su kai ƙarshe ba. Waɗannan fa zaɓaɓɓu ne daga ƙasashensu, babu raguwa a cikinsu. A 2018 kuma, a wasannin ƙasashen renon Ingila da aka yi a Ostireliya, Callum Hawkins ɗan Sikotland yana kan gaba da tazara mai yawa, saura kimanin kilomita biyu, zafi ya kayar da shi a gefen titi. Ƙarfin zuciyarsa ne ya kai shi har inda jikinsa ya ƙi.

To mu a Jigawa, inda zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, wa ya fi mu buƙatar wannan darasi? Idan zafin cikin jiki ya kai wajen digiri 40 mutum ya fara ruɗewa, ko tangaɗi, ko surutan da ba su da kai, wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki ana yi masa fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, kada a ɓata lokaci wajen nemansa.

Shi kansa ruwa yana da iyaka. Wani bincike a kan mutum 488 da suka yi gudun Boston ta Amurka a 2002 ya gano cewa kashi 13 cikin ɗari sun ƙare da ƙarancin gishiri a jini, kuma babban dalili shi ne shan ruwa fiye da abin da jiki ya zubar. A sha gwargwadon ƙishirwa, kuma a dogon gudu cikin zufa ruwan gishiri da sukari da muke ba yara masu gudawa yana da amfani.

Sannan akwai cututtukan da ke ɓuya a bayan kalmar “gajiya”: ƙarancin jini, musamman ga mata da ’yan mata, zazzaɓin cizon sauro, ciwon sukari, tarin fuka, ciwon zuciya, da ciwon damuwa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin AS. Yawancinsu suna rayuwa lafiya lau kuma suna wasanni, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa, ba tare da an saba a hankali ba, yana iya kayar da wasunsu. Uban da ya ce wa ɗansa rago alhali jininsa ne ya yi ƙasa ya zalunce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Maganar “haɗi” da tiramadol

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna. Akwai wani dare da ba na mantawa, da aka kawo wani saurayi asibitin da nake aiki. Yana shirin gudun gwajin shiga aikin ɗamara ne, ya yi kwanaki yana gudu da tsakar rana don ya “horar da zuciyarsa.” Kullum kafin ya fita sai ya biya wani kantin magani a ƙulla masa haɗin maganin gajiya a leda. Da mahaifiyarsa ta miƙo mini ragowar ledar na ga daikulofenak da aibufurofen a tare, da wata ƙwayar da ba ta da suna a jikinta. Fitsarinsa ya koma kalar shayi, ƙodarsa ta fara gazawa. Tsohuwar ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, ai ce mini ya yi maganin ƙarfi ne.” Na ce, “Inna, ki yi ta addu’a, likitoci suna kansa.” Allah Ya tashi kafaɗunsa bayan makonni, amma gwajin da ya yi wa wannan wahala ya wuce yana kwance.

Ga yadda abin yake faruwa. Lokacin dogon gudu jini yana karkata zuwa tsoka da fata, rabon ƙoda ya ragu, zufa kuma ta ƙara rage shi. Ƙoda tana da hanyar da take buɗe jijiyoyinta don ta kare kanta a irin wannan hali, kuma wannan hanya ce magunguna irin su daikulofenak da aibufurofen da firoksikam suke toshewa. Idan aka haɗa da tsokar da ta farfashe saboda wahala tana zubar da dattinta cikin jini, an taru a kan ƙoda ta fuska uku. Ban da wannan ga gyambon ciki da zubar jini a hanji. Jihar da ke da masu zuwa wankin ƙoda kamar tamu ba ta buƙatar ƙarin matasa a wannan layi.

Tiramadol kuwa ya fi muni, domin kai tsaye yake zuwa ga ɗan saƙon ya rufe masa baki. Ciwo yana nan, ɓarna tana ci gaba, mutum ne kawai ba ya ji. Yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi in an sha da yawa, yana kuma kama mutum ya zama ba ya iya aiki sai da shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa ’yan Nijeriya miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna masu kashe zafin ciwo ba bisa umarnin likita ba. Hukumar hana amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu, 2024. Wanda ya sha shi ya ci tsere, ko lafiyarsa ta tsira, sunansa bai tsira ba.

Wani zai ce, to ai goro da shayi da gahawa ma suna rage jin gajiya, me ya bambanta su? Gaskiya ne sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana sa aiki ya zama kamar ya yi sauƙi, kuma ba a haramta shi a gasa ba. Bambancin shi ne yana rage ƙarar saƙon ne kaɗan, ba ya kashe shi. Duk da haka mai hawan jini, da mai faɗuwar gaba, da mai gyambon ciki su yi shawara da likita, kuma kowa ya guji jera gwangwanayen lemon ƙara kuzari a cikin zafi.

Yadda za a bambance saƙo biyu

Gajiyar da ake iya lallashi tana zuwa a hankali. Ƙafafu su yi nauyi, numfashi ya ƙaru, zuciya ta fara kawo dalilan komawa gida, amma in ka rage sauri sai ka ji dama, hankalinka kuma yana tare da kai. Wannan ita ake yi wa magana, a raba mata hanya, a jira ta wuce.

Wadda ba a jayayya da ita kuwa alamunta daban ne: ciwo ko matsewa a ƙirji, jiri ko duhun gani, ruɗewa, bugun zuciya da ya rikice, haki da bai dace da saurin da ake yi ba, ciwo mai tsini a wuri ɗaya a ƙashi da ke ƙaruwa da kowane taku, da fitsari mai duhu bayan gudu. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ya tsaya nan take, a kai shi asibiti. Haka wanda yake da zazzaɓi kada ya fita gudu sam, sai ya warke.

Ga mai niyyar dogon gudu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ana buƙatar watanni, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ana ware ranakun hutu, ana gudun mafi yawa a saurin da ake iya hira. ’Yan gudunmu na Filato, musamman na yankin Fankshin, da suka saba zuwa kan gaba cikin ’yan Nijeriya a gasar Legas, shekaru suka yi suna hawa da sauka a tsaunukansu. A watan azumi a rage nisa, a mayar da horo bayan buɗa-baki.

Wannan magana ba ta masu tsere ce kaɗai ba. Baba mai hawan jini da likita ya ce ya riƙa tattaki, da Hajiya mai ciwon sukari da ke cewa ƙafafunta ba za su iya ba, su ma da wannan linzami suke fama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar manya da aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa sau biyar. Ranar farko ce ta fi nauyi, kuma nauyin yawanci a rai yake. A samu abokin tafiya, a fara da minti goma, a zaɓi sanyin safiya. ’Ya’ya kuma su raka iyayensu, domin rakiya ita ce gangar noman tsofaffi.

Ƙanen nan nawa har yanzu bai je Legas ba, yana tara kuɗin mota. Shekaranjiya da na fito masallaci da asuba na hango shi ya dawo daga hanyar Kiyawa, riga sharkaf da zufa. Na ce masa, “Ina gajiya?” Ya tsaya ya dafa gwiwa ya yi dariya, ya ce, “Yaya, akwai ta, amma irin wadda ke bin lafiya ce.” Wannan amsa nake fatan kowane matashi a Jigawa ya koya, kuma kowace uwa ta riƙa tambayar abin da ke cikin ledar da ɗanta ya shigo da ita gida.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.